Huji Bakwai: Ta'aziyyar Ya Kura Mai Man Gyaɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga ofishin Alhaji Dokta Muhammad Auwal, Babban Darakta kuma Shugaban Majalisar Ƙoli ta Masu Yaƙi da Guba a Ƙasashen Baƙar Fata, hawa na tara, Abuja. Zuwa ga Malam Madu, babban ɗan marigayiya, da ƙanwarsa Ummi Kulsum, da jama'ar Roni baki ɗaya.

Ina zaune a ofishina, na'urar sanyi tana busa ni, labari ya iske ni cewa Allah Ya karɓi ran Ya Kura mai man gyaɗa. Ta cika ranar Talata da hantsi, sha ɗaya ga watan Safar 1447, wato biyar ga Agusta 2025, bayan jinyar kwana huɗu. An sallace ta bayan azahar, ana yayyafi, ba kuwa wanda ya gudu neman mafaka.

Na san za ku ce ina babban mutum kamata ya san tsohuwa mai tuyar ƙuli-ƙuli. To, mu manya muna da ido a ko'ina. Ku dai yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, kada a naɗe takardar nan a rabi.

Iya, ban zo in ce kin gina makaranta ko kin haƙa rijiya ba. Abin da kika bari tsinken ƙarfe ne guda ɗaya, tsawonsa kamu ɗaya, mai ƙotar itace. Amma yaran da ke yawo da ƙafarsu yau daga Roni zuwa Babura saboda tsinken nan, Allah kaɗai Ya san adadinsu, don wanda bai mutu ba ba a lissafa shi.

Ga waɗanda ba su san mafari ba, ga shi. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka yi suna a wani ƙauye ta wajen Gwiwa, aka aiko sayen mai wurin Ya Kura. Ɗan aiken ya zo da wata farar jarka mai murfi mai kyau, an ɗan ɗauraye ta. Ta kafa mazurari ta ɗura masa. Aka yi dafa-duka, jama'a suka ci. Kafin la'asar mutum sha huɗu suna kwance, amai da gudawa, yawu yana dalala. Duk suka tashi sai wata yarinya 'yar shekara biyar mai suna Ma'u.

Aka ce man Ya Kura ne. Wata uku ba wanda ya taka ƙofarta. Matan da ke cin ƙwarya ɗaya da ita suka riƙa janye 'ya'yansu in ta doso. Sai daga baya malamin asibiti da malamin gona suka bi sawu, suka gano jarkar nan ta maganin feshin wake ce. Malamin gona ya ce roba tana shan maganin kamar yadda sabuwar tukunya ke shan ruwa, in aka zuba mai sai ya jawo shi waje.

Da wani ne, sai ya yi hamdala ya koma kasuwarsa. Ke kuwa, Iya, da aka zo yi miki barka cewa kika yi, “An wanke sunana. To Ma'u ta dawo? Ni na riƙe mazurarin.”

Washegari kika tafi maƙera aka ƙera miki tsinken nan. Kika raɗa masa suna Alƙali, wai don shi hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara.

Ya Kura ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Amma ta san hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, ta san jan layi da rawaya a gindin gora, in kuwa an ɓare takardar, hancinta ya ishe ta. Duk wanda ya miƙo gora a ɗura masa mai, sai ta buɗe ta sansana daga nesa. In ta feshi ce, kafin ya ce uffan Alƙali ya shige cikinta. Sannan ta ɗauko tsabtatacciya daga buhunta ta ba shi kyauta.

An sha rigima. Akwai ranar kasuwar Babura da wani mai ƙaton rawani ya tara mata jama'a.

“Haba Iya! Jarkar nan da sefa na sayo ta a ƙetare!”

“Da sefa?” in ji ta. “Ashe har ƙetare kake zuwa sayen likkafani, alhali ga shi nan gida da araha.”

“Na wanke ta sau biyar!”

“To zuba mata ruwa ka sha a gabana, in biya ka kuɗinka.”

Mutumin ya dubi jarka, ya dubi jama'a, ya ce azumi yake yi. Ga goro ja wur a bakinsa. Na yi dariya har na kusa faɗowa daga babur. Wato, daga motata.

Ba ta tsaya a masu sayen mai ba. Ta yi shela cewa duk manomin da ya gama feshi, ya ɗauraye gorar sau uku a gonarsa, ya juye ruwan cikin injin feshinsa, ya kawo mata, zai tafi da ƙuli-ƙuli cike da hannu biyu. Amma in yaro aka aiko da ita, babu ƙuli. Uban ne zai sha faɗa har gida: “Kai ka yi feshi, kai za ka ɗauko. Ɗan da ka haifa ba jakin guba ba ne.” Gorunan nan takan tara su a wani ɗakin langa-langa a bayan gida, ta sa kwaɗo. In damina ta ɗauke sai ta sa rana, ta kira ta ranar shari'a. A fito da su fili, mata da maza su kewaye. Ta ɗaga kowace ɗaya ta karanta mata laifinta: “Ke, an kama ki kina shirin zama gorar kunun 'yan makaranta.” Caka! Mata su rangaɗa guɗa. In an gama a loda a amalanke a kai ramin da malamin gona ya nuna can cikin duwatsu, nesa da rijiya da hanyar ruwa. Ba ta yarda a ƙona ba, ta ce hayaƙin ma ɗan'uwan gubar ne.

Yanzu zan kawo labarin wani yaro, don ofishinmu yana da fayil ɗinsa. Sunansa Ashiru, Bafillace ne, ɗan acaɓa, abokin Kyari jikan marigayiya. Karatunsa na allo ne, ya kai izu ashirin ya tsaya, ba don kwanyar ba ta ja ba, sai don malam ya gaji da tsintar ƙwaro a cikin hularsa. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, Ya Kura kuwa Babarbariya ce. To wannan yaro ya mayar da shi sana'a. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofarta.

“Baiwata, an tashi lafiya? Ina kuɗin fansa?”

“Ka ji bawa da bakin ubangida,” in ji ta. “Ɗan Fillo, da ƙuli uku kakana ya sayi kakanka, har aka yi masa gyara da ɗan maraƙi.”

Sai ta jefe shi da tunkuza, ya cafe ya cinye.

A lokacin huji ɗaya take yi wa kowace jarka. Wata rana shaiɗan ya raya wa yaron nan ya zari hudajjiya guda daga amalanke, ya toshe hujin da sabulu, ya sayar wa wani abokin sana'arsa. Mutumin ya zuba ruwan wanke babur ya ɗaura a baya, kafin ya kai tasha wandonsa ya jiƙe sharaf, aka yi mako ana yi masa waƙa. Da a nan ya tsaya, da wasa ne. Amma sai ya lura in aka narka ɗan guntun silifa aka liƙe hujin, ko ɗigo ba ya fita. Ya yanki igiyar wani tsohon shuɗin silifansa. Ya riƙa zagayawa ramin duwatsu kafin a rufe shi da ƙasa, ya tsinci masu kyau, ya liƙe, ya kai wa masu sayar da tsofaffin jarkuna. A ransa yana cewa ai tsohuwa ce da fitina, abin da aka ɗauraye sau uku me ya rage a ciki? Har yana jin daɗi, wai Bafillace ya yi wa Babarbariya wayo.

Bayan kamar wata biyu ya je rugarsu gaida mahaifiyarsa. Ya tarar da yayarsa Shatu a zaune a ƙasa, 'yarta Sadiyya a cinya. Yarinyar shekararta biyu. Kwana uku tana amai, idanu sun ƙanƙance, wuya ba ya tsayuwa. An yi rubutu, an yi turare, ana cewa iska ce. Ya waiga zai nemi ruwa ya shafa mata, sai ga jarkar da ake ajiye mata madara a rataye a jikin bukka. A gefenta, ga shuɗin liƙi kamar ƙwayar ido yana kallonsa.

Ya san aikin hannunsa.

Nan take ya tayar da babur. Ya goya Shatu da 'yar, ya rataya jarkar a wuya, ya kama hanyar Kazaure. Hanyar da yake yi da raha da waƙa, ranar nan ba abin da bakinsa ke iya kamawa sai Ya Latifu. A asibiti ya miƙa jarkar, ma'aikaciyar ta sansana ta ce madalla da ka zo da ita, yanzu mun san abin da muke nema. Aka yi allurai, aka sa ƙarin ruwa. Kwana biyu ba a san inda za ta faɗa ba.

Rana ta biyu sai ga ki, Iya, da kwanon kunun gyaɗa, kin biyo motar haya. Kika gaida Shatu da Fulatancinki mai karyayyen ƙafa har ta yi murmushi. Sannan kika ce a nuna miki jarkar. Kika juya ta. Kika sa farce kika taɓa liƙin. Kika gane hujinki ne a ƙarƙashi, don kowane alƙali ya san sa hannunsa. Daga nan kika ɗago kika dubi yaron. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana jira ki buɗe baki ki gama da shi a gaban 'yar'uwarsa.

Kin san me ake ji in an ce kai ne ka kashe ɗan mutane. Wata uku kika sha shi, alhali ba ki da laifi. Shi kuwa yana da shi.

Sai kika ce, “Shatu, laifina ne. Huji ɗaya ya yi kaɗan.”

Sadiyya ta tashi. Ranar da aka sallame su, yaron bai je ƙofar Ya Kura da safe ba, haka washegari, haka har mako. Sai ta aika Kyari ya kira shi. Ya same ta tana murza gyaɗa, ba ta ko ɗago ba.

“Bawa ya yi gudun hijira ne?”

Ya durƙusa a gabanta.

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta zaro Alƙali ta ɗora masa a tafi. “Daga yau bakwai za a riƙa yi, biyu a gindi. Hannuna ya fara ciwo. Kai za ka riƙa cakawa, tunda ka fi kowa sanin inda liƙi yake kamawa.”

Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kan maganar ke nan, har ta koma ga Allah.

Shekara biyar yana goya ta a babur, Roni, Gwiwa, Kazaure, Kanya Babba garin haihuwarta, Babura. Ba ta taɓa yarda ya wuce gudun jaki ba. In ya ɗan murɗa sai ta sakar masa ranƙwashi: “A hankali, kana ɗauke da uwargijiyarka.” A kasuwa ita ke bayani, shi ke faɗuwa ƙasa yana shure-shure da kumfar sabulu a baki don a ga yadda abin yake kamawa, har wata rana wata tsohuwa ta juye masa ƙwaryar nono a ka don ceto. Ta ce masa, “Ka ga, tsiyar taka ma da ranarta.”

Kuma abin ya kama. Yau a kasuwannin nan masu mai da yawa ba sa ɗura wa gorar feshi, ko mai ita zai yi birgima. Matan ruga sun koma ƙwarya da gorar da aka san asalinta. Akwai limamai biyu da ke tunatarwa a huɗuba in damina ta faɗi. Wani mai shagon maganin feshi, wanda da ya fi kowa zaginta, bana da kansa ya kawo mata buhu biyu na goruna, ya ce ƙulin ma ya yafe. Na ji yara suna wasan gaɗa suna cewa, “Mai ƙoƙon kai ba ta shan kunu, kai ta gidan Ya Kura.” Ita da ba ta taɓa riƙe alli ba.

Ba a gama ba, ban ce an gama ba. Har yanzu ana feshi ba takunkumi, ana barbaɗa wa wake abin da ba a san sunansa ba. Amma wanda ya ga farkon abin ya san an yi nisa.

To, Malam Madu, ga dalilin wannan takarda.

A ɗakin langa-langan nan akwai gorunan bana, sun haura ɗari uku, ko ɗaya ba a huda ba, don ranar shari'a ba ta zo ba mai shari'ar ta tafi. Labari ya zo ofishinmu cewa wani ɗan gwangwan ya yi maka magana, zai kwashe su bayan addu'ar bakwai, wai zai kai Kano a niƙe. Ban zarge ka ba. Ka gaji da warinsu, kana da ƙananan yara a gida, ga ɗaki ana bukata. Shi ma ban ce mugu ne ba. Amma na rantse da Wanda raina ke hannunSa, jarka mai murfi wadda ba ta da huji ba ta isa injin niƙa. A hanya ake tsince ta. Kafin kaka ta yi, za ka gan su ɗaya bayan ɗaya a kasuwa, da mai, da kunu, da madarar wata Sadiyya. Ɗari uku. Abin da mahaifiyarka ta tara da ƙulinta don ta raba mutane da shi, shi za a mayar musu a kan amalanke.

An gaya mini yaron nan Ashiru ya zo maka da maganar ranar sadakar uku, ka ce, “Nan gidan makoki ne, ba tashar acaɓa ba. Tashi ka ba ni wuri.” Ka yi daidai. Shi ne fa ya taɓa ce maka baƙi na zuwa daga Abuja, ka yini a zaure cikin babbar riga da turare har magariba. Shi ne ranar Talatar nan ya shiga tasha yana kuka yana cewa Ya Kura ta rasu, aka fashe da dariya, wani har yana cewa yau kuma albasa ka shafa? Sai da Kyari ya zo aka yarda. Wanda ya shuka wasa, ranar da yake neman gaskiya ba ya samun masaya.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ka, da Ummi Kulsum, da Kyari da sauran jikoki, da danginta na Kanya Babba, da matan da suka yi shekaru suna murza gyaɗa tare da ita. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Allah Ya jiƙan Ya Kura, Ya yalwata kabarinta, Ya sanyaya makwancinta. Yadda ta tsare cikin 'ya'yan mutane daga guba, Allah Ya shayar da ita daga Alkausara. Ya haɗa ta da Ma'u a inda ba a kuka. Yadda ta rufa asirin wani bawa a ranar da take da ikon tona shi, Ya Allah Ka rufa nata ranar da asirai ke bayyana.

A nan ya kamata in sa hannu in buga hatimi. Ba ni da hatimi.

Baba Madu, babu wani Alhaji Dokta. Babu majalisa, babu hawa na tara. Ban taɓa ganin Abuja ba sai a jikin kalanda. Na'urar sanyin da ke busa ni iskar gindin darbejiyar tasha ce. Da ajami na rubuta wannan, kwana uku ina yi ina gogewa, wani mai shagon buga takardu a Kazaure ya mayar da ita boko, na sayi ambulan mai ruwan ƙasa don na san ba ka yar da takardar da ta zo a ambulan. Ka yafe mini. Na rasa ƙofar da zan shigo ne, na ari rigar da ta fi ni.

Amma rigar kaɗai ce aro. Duk abin da ke cikinta gaskiya ne. Shuɗin liƙin nan nawa ne. Adda Shatu ba ta taɓa sani ba sai jiya, da na je ruga na durƙusa na gaya mata da bakina, don bai kamata ta ji a takarda ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, “Tsohuwar ta sani?” Na ce ta sani tun a asibiti. Ta ce, “To in ita ta iya haɗiyewa shekara biyar, ni wa?” Ta ce in gaya maka ranar shari'a za ta zo da matan rugarsu, su za su yi guɗa.

Ban roƙi gado ba, ba ni da shi a gidanku. Aron Alƙali nake roƙo, yana nan rataye a bayan ƙofarta, da makullin ɗakin langa-langa. In an shafa addu'ar bakwai za ka same ni a ƙofar gida, a ƙasa, ba a kan tabarma ba. In ka kore ni zan dawo washegari. In ka yarda, kai ka zauna a kujerarta ka karanta wa kowace gora laifinta, ni in caka. Sadiyya ta shiga aji biyu bana, ta iya ƙirga har ɗari. Ita za ta tsaya daga nesa tana ƙirga mini hujin, kada in rage ko ɗaya.

Kaka, kin tafi ba ki biya kuɗin fansa ba. Na yafe. Dama ke kika fanshe ni.

Bawanki,
Ashiru ɗan acaɓa, tashar Roni.